RA'AYI: Yis mai sauya kama, da kasafin da ya tsaya a kan sayen magani

A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerinta na farko na ƙwayoyin cuta dangin funfuna waɗanda suka fi yi wa ɗan Adam barazana. Guda 19 ne a jerin. Huɗu daga ciki aka sanya a rukunin mafi haɗari, biyu daga huɗun kuma suna ɗauke da suna ɗaya: Candida albicans da Candida auris. Dukkansu yis ne, dangi na nesa ga wanda ke kumbura burodi da fanke. Na farkon ba baƙo ba ne a jikin mutum. Yana zaune a baki da hanji da al'aurar mutane masu yawa da ke da ƙoshin lafiya, ba tare da ya tayar wa kowa da hankali ba. Idan ya yi ɓarna, yawanci ba ta wuce farin abin da ke lulluɓe harshen jariri ba, ko ƙaiƙayin da mata kan haɗa da wasu cututtuka su kira ciwon sanyi. Amma idan ya samu hanya ya shiga jini, hukumar ta ce tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari na waɗanda ya kama suna rasa ransu, duk da cewa akwai magungunan da ke kashe shi.

Wannan kalma ta ƙarshe ce ya kamata ta tsayar da duk wanda aikinsa ya shafi rubuta takardar shawara ga minista, ko tsara kasafin asibitocin tarayya, ko shirya wa ɗan majalisa tambayoyin zaman kwamiti. An saba auna yaƙi da cuta da yawan katan-katan na magani da aka saya aka raba, domin katan ana iya ƙirga shi, ana iya ɗaukar hotonsa. Binciken da aka kwashe kusan shekara arba'in ana yi a kan wannan yis ya nuna cewa katan zai iya isa asibiti, maganin da ke ciki ya kasance na gaske, ɗakin gwaji ya tabbatar cewa yana kashe ƙwayar da aka samu a jinin majinyaci, amma zazzaɓi ya ƙi sauka. Dalilai biyu ne a ƙarƙashin haka, kuma suna da alaƙa da juna: yis ɗin yana gina wa kansa mafaka, sannan yana iya sauya kama.

Babbar ƙofar da yake bi ya shiga jini ita ce roba. Majinyacin da ke sashen kulawa ta musamman, da bakwainin da ke kwalba, da mai cutar daji, da wanda ake yi wa wankin ƙoda, kusan kowannensu akwai siririyar roba da aka zura masa a babbar jijiya domin ruwa da magani da abinci. Duk wanda ya taɓa sa hannu a cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba ya san yauƙin nan da ke manne a jikinta, wanda ɗauraya ba ta fitar da shi sai an goge. Irin wannan shimfiɗar yauƙi, wadda masana ke kira bayofim, ita ce yis ke ginawa a jikin robar. Da farko ƙwayoyi 'yan kaɗan masu siffar ƙwai suke mannewa. Sai su hayayyafa su kafa tushe, su fitar da dogayen zaruruwa da ke sarƙewa da juna, sannan su zubo wani danƙo na sukari da furotin da kitse ya rufe ginin baki ɗaya. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu aikin ya kammala. Daga nan sai shimfiɗar ta riƙa sakin sabbin ƙwayoyi cikin jini, suna tafiya ƙoda da ido da zuciya.

Gwaje-gwaje sun nuna cewa yis ɗin da ke cikin irin wannan shimfiɗa yana iya jure adadin fulkonazol da ya ninka har sau dubu abin da zai tsayar da ɗan'uwansa mai yawo shi kaɗai a ruwa. Fulkonazol kuwa shi ne magani mafi araha da sauƙin samu a wannan fanni. Masu bincike a Jami'ar Wisconsin, ƙarƙashin David Andes, sun gano cewa wani nau'in sukari da ke cikin danƙon, mai suna gulukan, yana kama maganin ya riƙe kafin ya isa ga ƙwayoyin da ke ƙasa. Abin lura a nan shi ne, gwajin da ɗakunan gwaje-gwajen asibiti ke yi a ko'ina a duniya domin sanin ko magani zai yi aiki, a kan ƙwayoyi masu yawo ake yin sa. Takardar sakamako ba ta yi ƙarya ba idan ta ce maganin yana aiki. Ta ba da labarin ƙwayar da aka kawo mata ne, ta bar wadda ke manne a robar.

Labarin sauya kama ya fara ne a 1987, a ɗakin binciken David Soll na Jami'ar Ayowa da ke Amurka. An samo wani yis daga jinin majinyaci mai raunin garkuwar jiki, aka shuka shi a farantin gwaji, sai aka ga yana tsiro iri biyu: wani gungu fari, mai tudu da sheƙi, wani kuma shimfiɗaɗɗe mai ɗan duhu. A ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, ƙwayoyin farin gungu kewayayyu ne masu santsi, na mai duhun kuwa dogaye ne, sun fi girma, da wasu ƙuraje-ƙuraje a fatarsu. Wanda bai sani ba zai rantse halittu biyu ne dabam. Amma kundin gadonsu ɗaya ne, babu harafin da ya canja. Bambancin yana ga sassan kundin da kowace siffa take karantawa ta yi aiki da su, kuma ɗaruruwan sassa ne suka bambanta a tsakaninsu. Fara tana haifar fara, mai duhu tana haifar mai duhu, zuriya bayan zuriya, sai kamar sau ɗaya a cikin rabuwa dubu goma wata ƙwaya ta tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren.

Shekara goma sha biyar aka yi ba a san amfanin wannan abu ga yis ɗin ba, har wasu suka ɗauke shi wani abin al'ajabi na iri ɗaya tak da aka yi katarin samu. Amsar ta fito daga wani ɓangare da ba a zata ba. An daɗe ana koyarwa cewa Candida albicans ba ya barbara, rabuwa kawai yake yi. A 1999 Christina Hull da Alexander Johnson na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gano sashen kundin da ke tantance jinsinsa, mai fuska biyu da ake kira “a” da “alfa”. A 2002 ɗakin Johnson ya nuna abubuwa biyu a tare. Yis ɗin da ke ɗauke da “a” da “alfa” a haɗe, a ƙa'ida ƙofar sauya kama a rufe take gare shi. Wanda ke ɗauke da ɗaya kaɗai shi ne ke sauyawa cikin sauƙi. Sannan siffa mai duhu ita ce siffar barbara, ta fi fara iya yin ta da kusan ninki miliyan ɗaya. A 2006 ɗakunan bincike uku suka gano makunnin, wani furotin da aka sa wa suna Wor1, wanda idan ya kunnu yake ƙara kunna kansa, shi ya sa siffar take ɗorewa har ga 'ya'ya da jikoki.

To amma sai wata tambaya ta taso. Yis ɗin burodi yana barbara ba tare da ya bi wannan doguwar hanya ba. Ga shi kuma siffa mai duhu ba ta da ƙwari: a farantin gwaji, da zarar an kai ta zafin jikin mutum, digiri 37, sai ta koma fara gungu-gungu, sai fa idan akwai abin da ke riƙe ta, kamar iskar kabon dayoksaid mai yawa ko wani sukari da ake samu a hanji. Mene ne ribar halittar da ke rayuwa a jikin mutum ta rataya barbararta a kan siffa mai rauni haka?

A nan ne labarin ya haɗu da shimfiɗar yauƙi. A 2006 ɗakin Soll ya wallafa wani sakamako mai ban mamaki. Ƙwayoyi masu duhu suna sakin wani sinadarin kira, feromon, domin jawo abokan barbara. Fararen ƙwayoyi, waɗanda ba sa barbara, su ma suna jin kiran, sai dai amsarsu dabam ce: sukan ƙara danƙo, su manne da juna da abin da suke kai, su gina shimfiɗa mai kauri. Fassarar da Soll ya bayar ita ce, masu rinjaye suna gina wa 'yan tsiraru ɗaki ne, wurin da motsin ruwa ba zai watsa sinadarin kiran ba, har ƙwayoyi biyu masu duhu su miƙo wa juna hannu su haɗu. Kamar dai yadda dangi ke taruwa su yi jere alhali ba su ne amarya da ango ba.

Bayan shekara biyar, a 2011, wannan ɗaki ya kwatanta shimfiɗu biyu gefe da gefe: wadda yis mai “a” da “alfa” a haɗe ya gina, da wadda fararen ƙwayoyi masu jinsi ɗaya suka gina. A ido kusan kamarsu ɗaya, ga tushe, ga zaruruwa, ga danƙo. A aiki kuwa sun yi hannun riga. Ta farkon ta hana sinadarai ratsa ta, ta bijire wa fulkonazol, fararen ƙwayoyin jini na mutum sun kasa kutsawa cikinta. Ta biyun ta bar magani ya shige, ya kuma yi mata illa, sojojin jini sun ratsa ta. Soll ya kira ta farkon shimfiɗar cuta, ta biyun shimfiɗar barbara, domin ɗakin da aka gina don saƙo ya yi yawo a cikinsa dole ya kasance da kafofi. Abin takaicin shi ne, kusan tara cikin goma na irin yis ɗin da ake samu a jikin mutane masu “a” da “alfa” a haɗe ne, wato masu gina shimfiɗa mai taurin kai.

Ba duka masana suka amince da kowane sashe na wannan bayani ba. Ɗakin Richard Bennett na Jami'ar Brown ya maimaita wasu gwaje-gwajen ya samu wata hanyar saƙo dabam da wadda Soll ya bayyana, aka yi ta musayar takardu a kan yadda abincin da aka shuka yis a ciki da irin robar da aka yi amfani da ita ke canja sakamako. Wannan ɗaki ne kuma ya nuna cewa Candida tropicalis, wani ɗan gidan da ke yawan shiga jini a ƙasashe masu zafi, shi ma yana sauyawa tsakanin fara da mai duhu, amma a wurinsa ƙwayoyi masu duhun ne da kansu ke gina shimfiɗar barbara. A 2012 Clarissa Nobile da Johnson suka zana taswirar furotin shida da ke jagorancin gina shimfiɗa a Candida albicans, masu iko da sassan kundin gado kusan dubu. Ɗaya daga cikin shidan, Efg1, shi ne kuma ke riƙe ƙwaya a farar siffa. Ke nan maɓallin sauya kama da maɓallin gini suna kan waya ɗaya.

Mai lissafin kuɗin gwamnati zai iya cewa duk wannan ilimi ne mai daɗin ji, amma har yau bai haifar da maganin da ake ba majinyaci ba, kuma ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da kwalara da mutuwar mata wurin haihuwa ba ta da rarar da za ta kashe a kan barbarar yis. Rabin farko na maganarsa gaskiya ne. Babu wani magani a kasuwa da ke aiki ta hanyar juya makunnin Wor1, kuma fatan da ake yi, na cewa wata rana za a tilasta wa shimfiɗa mai tauri ta buɗe kafofi kamar 'yar'uwarta, har yanzu fata ne na ɗakin bincike. Rabi na biyu ne ke da gyara, domin abin da wannan ilimi ke buƙata daga gwamnati a yau ba shi da tsada, kuma yawancinsa ba sabon kuɗi ba ne, sauya wurin da ake ajiye kuɗin ne.

Abu mafi sauƙi shi ne robar kanta. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta fitar a 2016 sun ce idan an samu yis a jini kuma ana zaton robar jijiya ce tushensa, a cire ta da wuri gwargwadon yadda lafiyar majinyaci ta ba da dama. Cirewa kuwa tana nufin a samu sabuwa da za a sa a wani wuri, da safar hannu, da sinadarin goge fata, da bandeji, da ma'aikaciyar jinya mai lokacin da za ta duba kowace roba kullum ta tambaya ko har yanzu ana buƙatarta. Waɗannan su ne kayan da ake kira na yau da kullum a takardar kasafi, layin da aka fi saurin zaftarewa idan kuɗi ya gaza, domin babu wanda ke yanka ƙyalle a bikin buɗe bandeji. A inda dangin majinyaci ne ke sayen robar daga aljihunsu, ba sai an faɗa ba, za a so a bar ta ta daɗe, kuma kowace rana da ta ƙara rana ce ta gini ga yis. Kuɗin kwana goma na magani mai tsada a kan robar da ba a cire ba ya fi kuɗin sabuwar roba nesa ba kusa ba.

Sai ɗakin gwaji. Shuka jini domin neman yis, ko a asibitocin da suka fi kowa kayan aiki, yana kama kusan rabin masu cutar ne kawai. Idan kuma aka kama, rubuta “yis” ko “Candida” a takarda bai wadatar ba, tunda an ga yadda 'yan gida ɗaya ke da ɗabi'u mabambanta. Akwai tsohon gwaji mai araha da ke tantance Candida albicans cikin awa biyu zuwa uku, akwai faranti masu launi da ke raba wasu nau'o'in. Candida auris kuwa, wanda aka fara bayyanawa a Japan a 2009 daga kunnen wani majinyaci, na'urorin da aka saba da su sukan ba shi sunan wani yis dabam, sai an kai ga na'ura ta musamman ko karanta kundin gadonsa. Yawancin irinsa ba sa jin fulkonazol tun asali, yana gina tasa shimfiɗar, yana kuma rayuwa makonni a kan roba da kayan ɗaki. A wani asibiti a Oxford ta Ingila, an bi sawun ɓarkewarsa har zuwa ma'aunin zafin jiki na hammata da ake amfani da shi daga gado zuwa gado. A 2022 masu bincike suka wallafa rahoton samun sa a jinin majinyata a Najeriya. Ba lallai kowane asibitin koyarwa da kowace cibiyar lafiya ta tarayya su mallaki na'ura mai tsada ba, amma lallai kowannensu ya san inda zai aika samfuri, da wanda zai biya kuɗin aikawa, da ranar da amsa za ta dawo.

Magungunan da bincike ya nuna suna iya ratsa shimfiɗar su ne dangin ekinokandin da amfoterisin B wanda aka lulluɓe da kitse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ekinokandin cikin jerin magungunanta na wajibi a 2021. Ma'aikacin tarayya da ake cire wa kuɗin inshorar lafiya, ko ake biya a madadinsa, yana da haƙƙin ya tambayi hukumar NHIA ko tsarinsa ya ɗauki irin wannan magani, kuma a wane kantin asibiti zai same shi da tsakar dare, domin gadon sashen kulawa ta musamman bai san matakin albashi ba. A ɗaya gefen kuma ga fulkonazol da ake miƙa wa duk wadda ta je kemis ta ce tana jin ƙaiƙayi, ba gwaji ba takardar likita. Yawan shan sa barkatai yana share wa nau'o'in da ba sa jin sa fili.

Najeriya ta riga ta ɗauki alƙawura a wannan fage. Cibiyar NCDC ta jagoranci shirin ƙasa na farko kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna daga 2017 zuwa 2022, aka ƙaddamar da na biyu mai tafiya daga 2024 zuwa 2028. A Satumban 2024 shugabannin duniya suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya da rage mace-macen da ke da alaƙa da wannan matsala da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030, a Nuwamba kuma, a taron ministoci na Jidda, aka ba Najeriya karɓar baƙuncin zagaye na gaba a 2026. Ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya ɗin kansa a kan bakteriya aka gina shi, wanda ke nufin idan ba a samu wanda ya rubuta sunan yis da hannunsa a cikin takardun aiwatarwa ba, zai faɗi ta tsakanin layuka.

Duk sunayen da suka zo a tarihin sauya kama, Ayowa da San Faransisko da Brown da Wisconsin, na jami'o'in Amurka ne, kuma muhawarar Soll da Bennett ta riga ta nuna cewa sakamako yana canjawa da irin yis ɗin da aka gwada da yanayin da aka gwada shi. Tambayoyin da suka shafi majinyatan ƙasar nan ba sa buƙatar kayan biliyoyi: wane nau'i ne ya fi fitowa daga robobin da ake cirewa a asibitocin Kano da Ibadan da Enugu da Maiduguri, nawa ne a cikinsu masu jinsi a haɗe, wace irin shimfiɗa suke ginawa, wane magani ke ratsa ta. Farantin gwaji da firiza mai wuta ba yankewa da ɗalibin digiri na uku mai alawus a kan lokaci za su fara aikin. Asusun bincike na TETFund da Cibiyar Binciken Likitanci ta Najeriya da ke Yaba suna da hurumin ɗaukar nauyinsa, kuma kan robar da aka cire daga jijiyar majinyaci, wanda in ba an tanadi hanyar aika shi ɗakin gwaji ba kwandon shara zai tafi, shi ne samfurin da za a fara da shi.